Cigiyar Kakanni a Tsofaffin Jaridu

Ka tsayar da matashi mai digiri a Dutsin-Ma ko a Kurfi, ka ce ya jero maka iyayensa daga mahaifinsa zuwa sama. Zai faɗi uba, ya faɗi kaka, in an yi dace ya ƙara da kakan uba. Daga nan sai murya ta yi ƙasa, ya ce sai an tambayi wata gwaggo da ke ƙauye. Gwaggon nan kuwa ta ba tamanin baya, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga mutanen da idonsu. Ranar da aka kai ta makwancinta, sunaye ashirin ko talatin ne za su bi ta ba tare da kowa ya lura ba, domin hankalin masu zaman makoki yana kan wanda ya zo gaisuwa da wanda bai zo ba.

Shi ya sa ba na raina ƙoƙarin 'yan bokonmu da suka ga yadda ake neman asali a Amurka da Ingila, suka ce mu ma mu gwada. A can, ɗan ƙaramin gari yakan kasance da jaridarsa ta mako-mako tun ƙarni na 19, kuma abin da ke cika ta ƙananan sanarwoyi ne: an haifi wane, wance ta yi aure, wane ya rasu ya bar 'ya'ya kaza ga sunayensu, za a yi gwanjon gonar wane saboda bashi, dokin wane ya ɓace. Abin da editocin wancan zamani suka ɗauka cike gurbi ne kawai, yau shi ake rububin nema. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora miliyoyin shafukan irin waɗannan jaridu a intanet kyauta. Mutum yana zaune a ɗakinsa zai rubuta sunan kakansa, kwamfuta ta zaƙulo masa ranar da kakan ya yi aure da sunan wanda ya ɗaura.

Garuruwanmu ba su tashi da wannan al'ada ba. Sanarwarmu a baki take. In haihuwa ce, goro ake rabawa gida-gida a faɗi ranar suna. In ɗaurin aure ne, sanƙira ke ɗaga murya ya shaida wa jama'a an ɗaura, sadaki kaza, lakadan ko ajalan. Rasuwa a masallaci ake faɗa, ko a tura yaro da keke ƙauyukan da dangi suke, umarnin hakimi kuwa mai shela ne ke zagayawa da shi ranar kasuwa. Tsari ne mai aiki, ya riƙe al'umma ɗaruruwan shekaru, sai dai ba ya barin sawu. Da rediyo ya zo sai ya gaji sanƙira da mai shela gaba ɗaya, sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure da cigiya suka koma Rediyon Kaduna, daga baya gidajen rediyon Katsina. Amma abin da aka karanta da hantsi, kafin azahar iska ta tafi da shi.

Duk da haka ba hannu rabbana muke ba. A 1932 gwamnatin Turawa ta fara fitar da Jaridar Nijeriya Ta Arewa cikin Hausa da Larabci da Ingilishi. A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito daga Zariya, sau ɗaya a wata da farko, editanta Malam Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Katsina kafin aikin talifi ya ɗauke shi. Sai kuma wadda ta fi kusa da abin da muke magana a kai, wadda da yawa daga cikin matasanmu ko sunanta ba su taɓa ji ba. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci da Malam Ahmadu Coomassie, mutumin Katsina, ya yi wa jagoranci, an ga cewa wanda ya koyi karatu da girma in bai sami abin karantawa ba zai koma gidan jiya. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridunsu: Kano tana da Sodangi, Sakkwato tana da Zaruma, Zariya tana da Bazazzaga, Bauchi tana da Zumunta. Ta lardin Katsina sunanta Himma. Ita ce jaridar ƙaramin gari ta mutumin Kurfi da Dutsin-Ma, gwargwadon abin da tarihi ya ba shi. Ba ta yi tsawon rai ba, amma shekarun da ta rayu su ne shekarun samartakar kakannin masu karanta wannan fili.

Wa ake sa ran gani a shafukan irin waɗannan jaridu? Gara a faɗa tun da wuri, kada mutum ya kashe kuɗin mota zuwa Kaduna ya dawo yana zargin ma'aikatan gidan tarihi. Jaridar wancan zamani idonta yana kan mai muƙami da mai alƙalami. Za ka ga naɗin hakimi da rangadin sarki. A wannan yanki, Yandakan Katsina da ke Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina da ke Kurfi su ne sunayen da za su riƙa dawowa. Za ka ga alƙali, malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona, da sojan da ya tafi yaƙin Bama. Daga baya 'yan takarar NPC da NEPU suka shigo. Sai ƙofa ɗaya da talaka mai ilimi yake shigowa ta cikinta da ƙafarsa, wato shafin wasiƙu. Gaskiya ta shahara da wasiƙun masu karatu, kuma mai wasiƙa yakan sa sunansa da garinsu. Ni a ganina wannan shafi ya fi kowane daraja ga mai neman kakansa, domin a labarin naɗi ko canjin wurin aiki wani ne ke magana a kan mutumin, a wasiƙa kuwa shi da kansa ke magana. Za ka ji abin da ya dame shi, rijiya ce ko hanya ko tsadar gishiri, ka ji ko mai zafi ne ko mai barkwanci. Babu itacen zuriya da zai ba ka wannan.

Sai dai kafin a kai ga wannan daɗi akwai tarko, kuma mafi girmansa suna ne. Bature yana da sunan dangi da ke bin zuriya ɗaruruwan shekaru, shi ya sa kwamfuta ke iya yi masa aiki. Bahaushe sunansa da na ubansa yake ɗauka, kowane ƙarni sai sunan ƙarshe ya canja. Da makarantun kwana suka zo, aka tara Muhammadu biyar da Abdullahi huɗu a aji ɗaya, sai aka riƙa rarrabe su da garuruwansu. Ta haka muka sami Isa Kaita da Shehu Shagari da Aminu Kano, ta haka kuma aka san marigayi Alhaji Ahmadu Kurfi, Maraɗin Katsina, wanda ya riƙe sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a zaɓen 1979. Wannan na nufin cewa mutum biyu masu amsa Kurfi a ƙarshen sunansu ba lallai ne su haɗa ko da kakan kaka ba. Mota ɗaya kawai ta kai su makaranta. Wanda ya ga wani Malam Abdu Dutsin-Ma a jaridar 1952 ya yi tsalle ya ce ga kakana, to ya tuna gunduma guda ce ke da haƙƙi a wannan suna.

Ga kuma sunan da aka san mutum da shi a gida, wanda sau da yawa ba shi ke takarda ba. Ibrahim a Katsina Iro ne. Usman na iya zama Shehu ko Mani, Abubakar ya zama Garba ko Habu, Umaru ya zama Sanda, Yusufu ya zama Maitama. A'isha Indo ce, Hauwa'u Kulu, Fatsima Binta. Ƙara da sunayen rana da na yanayin haihuwa, su Ɗanladi da Ɗanjuma da Tanko da Audi da Kande, sannan ka ƙara da alkunya. Tsohuwar da kake tambaya ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ba za ta ambaci na ɗan farinta ba, kuma in surukinta Musa ne to duk Musan duniya ya zama mai sunan Malam a bakinta. Kana iya shafe wuni kuna hira kan mutumin da aka fi sani da Nagona, alhali malamin En'e ya rubuta shi Muhammadu Lawal. Dole a nemi wata jikanya ko abokiyar wasa da alkunyar ba ta hau kanta ba, ta furta sunan yanka. Rubutun sunan gari ma bai tsaya wuri ɗaya ba. Dutsin-Ma da Dutsinma da Dutsin Ma duk suna yawo a takardu, haruffa masu lanƙwasa kuma sukan ɓace a hannun mai keken rubutu, Ɗanmusa ta koma Danmusa.

Tarko na biyu na iyakoki ne. Mai bincike yakan tafi da taswirar yau a kansa, ya manta jihar Katsina a 1987 aka ƙirƙire ta daga tsohuwar jihar Kaduna, ƙaramar hukumar Dutsin-Ma kuma a 1976, kafin daga baya a yanke Kurfi daga jikinta. A zamanin Turawa, Katsina tana ƙarƙashin lardin Kano har 1926, aka mayar da ita lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai cin gashin kansa. Saboda haka wanda ya je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ya nemi fayilolin lardin Katsina kaɗai, zai bar shekaru talatin na farko a wani kanta. A can ne ake samun rahotannin ƙiyasin haraji da jami'an Turawa suka rubuta gunduma-gunduma, inda sukan lissafa ƙauyuka da masu riƙe da su da sana'o'in mutane da abin da aka gaya musu na asalin gari. Akwai gazet ɗin gwamnatin Arewa mai ɗauke da ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma da ritaya. Tsofaffin jaridu kuwa, Arewa House a Kaduna da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello su ne wuraren da za a fara ƙwanƙwasawa, sai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar Katsina.

To idan jarida ba ta da sunan mafi yawanmu, kuma sunan da take da shi ma abin tuhuma ne, me ya rage mata? Abin da ya rage shi ne ainihin amfaninta, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Tsofaffinmu sun riƙe mutane da dangantakarsu riƙo mai ban mamaki, amma ba su riƙe shekara da lamba ba. Takarda kuwa ta riƙe lamba ta saki mutane. Tsohuwa ba za ta ce maka an haifi babanka a 1944 ba. Za ta ce tana goyonsa Sarki Dikko ya rasu aka naɗa Nagogo. Kai ne za ka je ka samo cewa 1944 ke nan. Za ta ce sun taso daga Tsauri zuwa Karofi shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, wato 1956. Za ta ce an yi auren wance kafin a canja kuɗi, wato kafin fam da sule su ba naira wuri a Janairun 1973, ko bayan an koma tuƙi a hannun dama a 1972. Wani zai ce shekarar da aka kwashe yara makarantar UPE, 1976 ke nan, wani ya ce lokacin da ake aikin madatsar ruwan Zobe. Mafi tsufa da yunwa suke lissafi, kowace da sunanta, su Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan turke ne. Tsohuwar jarida za ta ba ka watan da sau da yawa har ranar, ka ɗaure labarin gidanku a jikinsa. Turke uku ko huɗu sun isa su daidaita tarihin gida guda, har su warware gardamar wa ya girmi wa da aka shekara arba'in ana yi.

A gidajen malamai akwai wani gata. Sau da yawa za ka tarar an rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bangon littafi ko a wata warƙa da aka soka cikin gafaka, da ranar mako da watan Musulunci da shekarar Hijira. Wannan ita ce sanarwar jarida tamu ta asali, kuma ta fi ta Bature kusa da abin da ya faru, domin uban yaron ne ya rubuta da hannunsa a makon. A kula kawai wajen juyawa: shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, ta yadda duk shekara talatin da uku sai a sami ratar shekara guda.

Manomi da makiyayi da maƙeri fa, waɗanda ba su rubuta wasiƙa ba, ba a kuma naɗa su komai ba? Abin takaici da ban dariya, littafin da talaka ya fi tsana shi ne ya adana sunansa. Rajistar haraji da ta jangali sun bi magidanta unguwa-unguwa, shekara-shekara, har gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar jihar Kaduna a 1979. Rasiɗin harajin da kakanka ya naɗe ya ɓoye cikin adaka don tsoron dogari, yau shaida ce cewa a shekara kaza yana zaune a gari kaza ƙarƙashin mai unguwa wane. Mata kuwa, waɗanda jarida da haraji duk suka tsallake, wurin da suka fi bayyana shi ne littafin alƙali, musamman a rabon gado, inda dole a jero matan mamaci da 'ya'yansa mata ɗaya bayan ɗaya domin kowace tana da rabonta. Mu tuna cewa littafin da ya fi kowane buɗe rayuwar Bahaushiyar da, wato labarin Baba ta Karo da aka buga a 1954, bai fito daga wata ma'ajiyar takardu ba. Wata baturiya, Mary Smith, ta zauna da tsohuwa guda a ƙasar Zazzau tana saurare tana rubutawa. Kowane gida a Birchi da Rawayau da Makera yana da irin wannan tsohuwa. Mai zaman sauraro ne babu.

Akwai maganar da ba a son yi, kuma ba zan tsallake ta ba. Da yawa daga cikin masu cewa suna neman asali, ba asali suke nema ba, tabbaci suke nema na labarin da suka riga suka zaɓa. Kowa kakansa malami ne da ya taso daga Borno ko Malle, ko ɗan sarki ne da aka hana sarauta ya yi fushi ya fita. Ka rasa inda zuriyar talakawan wancan zamani ta shiga, ka rasa wa ya haifi jikokin bayin da suka cika rumada, ka rasa jikokin Maguzawan da suka musulunta jiya-jiya a ƙasar Katsina. Takarda ba ta da kara. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma a tsakanin nan kotunan alƙalai sun rubuta fansar dubban mutane da sunayensu da na iyayengijinsu da abin da aka biya. Mai tona tsofaffin littattafai yana iya cin karo da wannan, ko da hukuncin ɗauri, ko da saki mai muni. Ra'ayina shi ne mutumin da ya yi murgu shekara da shekaru ya fanshi kansa da guminsa ya fi cancantar a yi alfahari da shi a kan ɗan sarkin ƙage. Amma na san al'ummar da muke ciki, inda har yau bincike kafin aure kan rushe a kan kalma ɗaya. Saboda haka abin da ka gano game da gidanku naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi. Abin da ka gano game da gidan maƙwabci amana ce, ba kayan Facebook ba ne.

Labarin Alex Haley ya isa gargaɗi ga ɓangarorin biyu. Baƙar fatar Amurkan nan ya fitar da littafinsa Roots a 1976, inda ya ce ya bi sawun kakansa Kunta Kinte har ƙauyen Jufure a Gambiya. Cikin hujjojinsa akwai wata sanarwa a jaridar Maryland Gazette ta 1 ga Oktoba, 1767, mai tallar bayin da jirgin ruwa Lord Ligonier ya kawo daga kogin Gambiya. Sanarwar gaskiya ce, jirgin ya zo. Sai dai ba ta ambaci sunan bawa ko ɗaya ba. Daga baya masana tarihi suka nuna cewa mutumin da ya ba shi labari a Jufure ya riga ya san abin da baƙon ke son ji. Wanda ya san halin maroƙa ba zai yi mamaki ba. Ka shiga gari da babbar mota ka ce kana jin kakanka jinin sarauta ne, kafin la'asar za a samo maka wanda zai tabbatar, har da kirari. Shi ya sa ake tambayar tsoho ba tare da an ɗora masa amsa a baki ba, a tambayi biyu ko uku kowa shi kaɗai, a kuma rubuta saɓaninsu yadda yake, kada a goge shi.

Irin sanarwar da ta fi taɓa zuciyata a jaridun Amurka ita ce wadda muke da sunanta tun da daɗewa, wato cigiya. Bayan an 'yanta bayi a 1865, dubbansu sun riƙa biyan 'yan kuɗi a jaridun baƙar fata suna cigiyar uwa ko ɗa ko miji da aka sayar aka raba su, suna faɗin inda suka rabu da sunan wanda ya saya. Mu ma muna da ɓatattunmu. Akwai waɗanda suka tafi Makka a ƙasa suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Akwai waɗanda fataucin goro ya kai Gwanja da Kumasi, wasu suka dawo da korar baƙi ta 1969, wasu ba su dawo ba. Akwai ɗan cin rani da ya tafi kudu da niyyar dawowa kafin shuka. A zangon Kumasi ko a wani ƙauyen bakin kogin Nilu, ba mamaki akwai mai cewa kakansa daga wani gari Kurfi ya fito, bai san ko a ina yake ba. Da an adana takardun cigiyar da aka riƙa kai wa gidajen rediyo, da yau muna da abin haɗa waɗannan zare.

Abin da ya sa maganar ba ta jiran gobe, kowa a wannan yanki ya sani. Shekarun hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka a Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari da Ɗanmusa. Mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar adaka. Tsofaffin da a da suke zaune gindin bishiya ɗaya suna gyara wa juna lissafi, yanzu wani yana Katsina a gidan ɗa, wata tana cikin Dutsin-Ma a ɗakin aro, wani baƙin ciki ya ƙarasa shi. Ranar da zaman lafiya ya dawo, in Allah ya yarda, tambayar farko da za ta taso ita ce iyakar gona da wanda ya gaje ta, kuma amsarta tana cikin sanin wa ya haifi wa. Wanda yake ganin neman asali shagalin masu ƙoshi ne, ya je kotu ranar da ake shari'ar gado ya ga yadda zumunci ke mutuwa saboda babu mai iya tabbatar da dangantakar mutum biyu da suka rasu shekara hamsin da suka wuce. Takardun da ke ma'ajiya ma ba su tsira ba. Takardar jarida mai arha ce, tana jajircewa ta kakkarye da kanta ko gara ba ta taɓa ta ba.

Mu kuma me muke bar wa na baya? Sanarwar rasuwa ta koma WhatsApp, tana mutuwa ranar da waya ta faɗa ruwa. Sanarwar da ta rage da ƙarfi a jaridun yau ita ce ta canjin suna, wadda rajistar BVN da ta NIN suka cika shafuka da ita. Ina tausaya wa jikan da zai zo neman mu nan da shekara tamanin. Zai tarar kakansa ya canja suna sau biyu, yana da ranar haihuwa uku, ɗaya ta makaranta, ɗaya ta aiki, ɗaya ta takardar rantsuwa, kuma rabin garin an haife su ranar 1 ga Janairu. Abin da zai cece shi watakila katin gayyatar ɗaurin aure ne, wanda ke jero iyalan gidaje biyu da rana da wuri, da kalandar biki da muke jefarwa in shekara ta ƙare. A daina jefarwa.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna yaye ɗalibai duk shekara, kowanne da kundin binciken da dole ya rubuta. Da za a ce ɗaliban tarihi da na Hausa kowa ya ɗauki unguwa ɗaya ko zuriya ɗaya, ya naɗi muryar tsofaffinta da wayarsa, ya ɗauki hoton takardun adakarsu, a ajiye kwafi a jami'a a ba iyalin kwafi, cikin shekara biyar da an tara abin da babu irinsa a jihar. A Legas wasu matasa sun kafa Archivi.ng suna ɗaukar hoton tsofaffin jaridun Nijeriya suna ɗorawa a intanet. Jaridun Hausa ba za su shiga irin wannan aiki da kansu ba sai mu mun kai su.

A fara da Himma. Duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi malamin Yaƙi da Jahilci, ko malamin hakimi, ko magatakardan alƙali a shekarun 1950, ya buɗe akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado ya duba. In ya sami ko da fitowa ɗaya, kada ya ba kowa ta asalin, kada kuma ya liƙe yagewarta da salatif, domin gam ɗinsa yana cin takarda. Ya shimfiɗa ta a inuwa, ya ɗauki hoton kowane shafi daga na farko mai kwanan wata har na ƙarshe, har da tallace-tallacen da yake ganin ba su da amfani, sannan ya rubuta sunan mai akwatin da garin da ya yi aiki.